Wa'azin Gawa: Yadda 'Yan Lutaran Suke Rubuta Tarihin Mamatansu

A watan Nuwamba na 1672 aka yi jana'izar wani tsoho a birnin Dresden na ƙasar Jamus. Sunansa Heinrich Schütz, shekarunsa 87, ya kuma haura shekara 50 yana shugabantar mawaƙa da makaɗan fadar Sarkin Saksoni. Tsohon bai bar wa kowa wahalar shiri ba. Tun shekara biyu kafin rai ya yi halinsa ya zaɓi ayar da za a yi wa'azi a kanta, aya ta 54 cikin Zabura ta 119, ya kuma sa tsohon almajirinsa, Christoph Bernhard, ya tsara mata waƙa. Da ranar ta zo, babban mai wa'azin fada, Martin Geier, ya hau mumbari ya yi bayanin ayar, sannan aka karanta tarihin marigayin tun daga haihuwa har numfashin ƙarshe. Daga baya aka kai duka maɗaba'a.

Waƙar Bernhard ta ɓace. Cocin da aka binne Schütz a cikinta an rushe ta a 1727 don a gina sabuwa, kabarin ya bi ta. Takardar ce ta tsira, kuma har yau ita ce rijiyar farko da masu rubuta tarihin mawaƙin suke ɗiba. A irin wannan tarihin ne ake jin yadda wani basarake ya sauka a masaukin baƙi na mahaifinsa, ya ji muryar yaron, ya nace sai an ba shi shi; yadda ya tafi birnin Banis a 1609 ya yi almajiranci a hannun Giovanni Gabrieli; yadda ya auri Magdalena Wildeck a 1619, ta rasu a 1625, ya zauna gwauro shekara 47 bai sake aure ba, ya kuma ga mutuwar 'ya'yansa mata biyu da idonsa. Bangaskiya, iyali, sana'a. A kan waɗannan duwatsun murhu uku aka girka tukunyar, kuma a kansu mabiya ɗariƙar Lutaran suke girka ta har gobe.

Jamusawa suna kiran wannan nau'in rubutu Leichenpredigt, ma'ana wa'azin gawa. Kasuwarsa ta ci kimanin shekara 200, daga wajen 1550 zuwa 1750, kuma waɗanda suka rage a ɗakunan karatu a yau sun haura 200,000. A birnin Marburg har cibiya guda aka kafa a 1976, a ƙarƙashin masanin tarihi Rudolf Lenz, aka ɗora mata aikin ƙidaya su da tantance su kaɗai. Me ya sa ɗariƙa guda ta zuba dukiya haka wajen buga tarihin matattu? Amsar tana cikin wani giɓi da Martin Luther ya buɗe da hannunsa.

Kafin Luther, jana'iza a Turai hidima ce da ake yi wa mamaci. An yi imani cewa yawancin rayuka sai sun ratsa ta wani wurin tsarkakewa kafin su kai ga rahama, kuma masu rai suna iya rage musu kwanakin wahala da addu'a, da sadaka, da hadayar da limami yake miƙawa, da takardun gafara da ake saya da kuɗi. A kan takardun nan rigimar 1517 ta tashi a Wittenberg. Luther ya tsaya a kan cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah, ta wurin bangaskiya kaɗai, kuma da zarar mutum ya cika an rufe littafinsa, ba abin da na baya za su ƙara masa. To, in haka ne, me za a taru a yi a bakin kabari? Sai aka juya hidimar ta fuskanci masu rai. Jana'iza ta zama wurin ta'azantar da iyali, da koyar da jama'a, da shelar tashin matattu. Wa'azi ya hau kujerar da hadaya ta bari.

Luther da kansa ya nuna hanya, amma da taka-tsantsan. Ya yi wa'azi a jana'izar sarkinsa Frederick a 1525, da ta ƙanen sarkin, John, a 1532, dukansu daga wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa, sura ta 4. A na biyun ya ƙi ya mai da sarkin waliyyi, ya ce shi ma mai zunubi ne kamar kowa. Abin da ya ɗaga shi ne tsayuwar da sarkin ya yi a kan aƙidarsa gaban Sarkin Sarakuna a Augsburg a 1530. Da Luther ya rasu a Eisleben ranar 18 ga Fabrairu, 1546, lamarin ya ƙara nauyi. A wancan zamani an ɗauka cewa yadda mutum ya mutu shaida ce a kan gaskiyar abin da ya bi, kuma abokan gaba a shirye suke su ce ya mutu mutuwar wulaƙanci. Don haka abokansa, Justus Jonas da Michael Coelius, suka yi maza suka rubuta sa'o'insa na ƙarshe dalla-dalla, har da tambayar da aka yi masa ko yana nan a kan abin da ya koyar, da amsawar da ya yi. A Wittenberg, Johannes Bugenhagen ya yi wa'azi, Philipp Melanchthon ya yi jawabi da Latin. Abin yabo ga Melanchthon shi ne bai ɓoye zafin harshen amininsa ba. Ya kawo maganar a fili gaban gawa, ya nemi ya ba ta uzuri. Kaɗan ne cikin waɗanda suka biyo baya suka yi wannan ƙarfin hali.

Daga nan tsarin ya kafu, ya daskare. Bayan wa'azi sai sashen tarihi, kuma kusan kullum da jeri ɗaya yake tafiya: an haife shi ta halattaccen aure, daga iyaye masu mutunci, ga sunayensu da na kakanni, an gaggauta kai shi baftisma, an koya masa katekisim, ya yi makaranta ko koyon sana'a a wurin wane, ya yi tafiye-tafiye, ya yi aure ranar kaza, aka zauna lafiya shekara kaza, aka haifi 'ya'ya kaza, kaza sun riga shi, ba ya fashin coci, ba ya nisa da Jibin Ubangiji, hannunsa a buɗe yake ga matalauta. Sai ciwon ajali, wanda ake bayyana shi da tsawo har da magungunan da likita ya gwada, sai furta zunubi, da addu'ar ƙarshe, da cikawa cikin natsuwa. A ƙarshe a lissafa shekarunsa, sau da yawa har da watanni da kwanaki. A bayan littafin akan liƙa jawabin godiya ga masu rakiya, da waƙoƙin makoki na abokai, wani lokaci da hoton marigayi da waƙar da aka rera. Na manyan mutane kan wuce shafi 100.

Wanda ya taɓa zama a jana'izar wani dattijon ikilisiya a Numan ko Yola ba zai ji wannan jeri baƙo a kunnensa ba. Ɗariƙar ta iso bakin Binuwai ne a 1913, lokacin da likita ɗan ƙasar Denmak, Niels Brønnum, ya sauka a Numan, kuma cocin da ta tsiro daga nan, wato LCCN, ta yi girman da shugabanta, Akbishop Musa Panti Filibus, ya riƙe shugabancin Tarayyar Lutaran ta Duniya daga 2017 zuwa 2023. A can ma, kamar a sauran cocin ƙasar, akan buga ɗan littafin jana'iza da hoton marigayi a bango, wani daga cikin dangi ya tashi ya karanta tarihi: haihuwa, baftisma, aure, aiki, hidima a majalisar dattawa ko a zumuntar mata, 'ya'ya da jikoki. Buƙatar ɗaya ce, ko da hanyoyin da al'adar ta biyo sun bambanta.

A Jamus ta ƙarni na 17, littattafan nan sun zama abin karatu na gida, kamar yadda ake karanta littafin addu'a. Galibi 'yan ɗaruruwa ake bugawa a raba wa dangi da abokan arziki, amma har kasuwa sukan shiga. Wata gimbiya ta gidan sarautar Stolberg, Sophie Eleonore, wadda ta rayu daga 1669 zuwa 1745, ta mai da tara su aikin rayuwarta. Abin da ya rage na tarinta ya haura 20,000, yana ajiye a ɗakin karatu na Wolfenbüttel. Wani basarake kuwa, Heinrich Posthumus Reuss na garin Gera, bai tsaya ga wa'azi ba: tun yana da rai ya sa aka ƙera masa akwatin gawa aka rubuce shi da ayoyi da baitocin da ya zaɓa, kuma waɗannan kalmomi ne Schütz ya ɗora wa kiɗa don jana'izarsa a Fabrairun 1636.

Inda kuɗi ya shiga, yabo ba ya nisa. Iyalin mamaci ne suke ba fasto bayanan, su ne suke biyan maɗaba'a, sau da yawa kuma da ɗan hasafi ga mai wa'azi. Tun a lokacin Jamusawa suka ƙirƙiro ba'a da ke haɗa kalmar wa'azin gawa da kalmar wa'azin ƙarya, domin a harshensu sautin biyun ya yi kusa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba ya kiran mai gyara ranar da gari ya taru. Mashayi yakan fito a matsayin mai rauni irin na 'yan Adam, mai faɗa da maƙwabta ya zama mai kishin gaskiya. Wanda ya mutu farat ɗaya, ba tare da ya samu yin shiri ba, sai fasto ya yi ta kai-kawo yana nuna cewa ai makon jiya ma an gan shi a coci. Wasu masu wayo, don gudun a yi musu kwaskwarima ko a rage musu, da kansu suke rubuta tarihinsu su bar gurbin ranar mutuwa kawai. Schütz ma, wanda wa'azi ya nuna shi dattijo mai haƙuri, sai an buɗe wasiƙunsa ake ganin ɗaya fuskar: ma'aikacin da ya gaji, yana ta rubuta wa fada ƙorafi cewa mawaƙansa sun yi shekaru ba albashi saboda Yaƙin Shekara 30 ya cinye baitulmali, yana roƙon a sallame shi ya huta ana ƙi.

Amma akwai wani ƙulli da ya fi na ƙarya wuyar kwancewa. Ɗariƙar da ta kafu a kan cewa ayyuka ba sa ceton kowa, ita ce ta fi kowa lissafa ayyukan matattunta. Yaya aka yi haka?

Fastoci suna da amsa: ayyukan ba kuɗin shiga ba ne, 'ya'yan itace ne da ke nuna bishiyar tana da rai. Amsar ta yi daidai a littafi, ko da yake mai sauraro a benci na baya zai iya fita da wata fahimtar dabam. Sai dai abin da ya ba wannan al'ada ɗanɗanonta shi ne irin ayyukan da ake lissafawa. Tun a 1520 Luther ya rushe katangar da ke tsakanin masu aikin addini da sauran jama'a. A ganinsa baduku da maƙeri da manomi kowannensu yana riƙe da muƙami a gaban Allah, daidai da na limami, domin ta hannunsu ne Allah yake ciyar da maƙwabci, ya tufatar da shi. Kalmar Jamusanci Beruf, wadda a yau ake nufin sana'a da ita, tushenta kira ne, irin kiran da a da ake cewa 'yan zuhudu kaɗai suke samu. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda a rubutunsa ma ƙugiya ɗaya ce ta raba kira da ƙira. Sakamakon shi ne, yadda mutum ya riƙe guduma ko allura ya zama abin da ya cancanci a faɗa daga mumbari.

Akwai wata magana da ake yawan jingina wa Luther a wa'azin jana'izar masu sana'a, musamman a Amurka, wai baduku Kirista ba da manna ƙananan gicciye a takalma yake bauta wa Allah ba, sai da ɗinka takalmi mai kyau. Masu bincike sun duba rubuce-rubucensa ba su same ta ba. Wasu malaman ɗariƙar ma sun nuna cewa ta ɗan kauce wa tunaninsa, domin shi ba ingancin takalmin ne ya dame shi ba, ƙafar maƙwabcin da za ta sa shi ce.

Baduku na gaske a wannan tarihi shi ne Hans Sachs na Nuremberg, wanda ya rayu daga 1494 zuwa 1576. Yana ɗinkin takalmi yana tsara waƙa, har ayyukansa suka haura 6,000. A 1523 ya fitar da waƙar da ta kwatanta Luther da tsuntsu mai kukan asuba, ta bazu a ƙasar. Bayan shekara huɗu, da rubutunsa ya fara tsokano fitina, majalisar birnin ta gargaɗe shi ya koma kan takalmansa ya bar wallafa. Ga alama koyarwar darajar sana'a tana da kaifi biyu: tana ɗaga baduku, tana kuma iya ce masa ya tsaya inda aka ajiye shi. Sachs ya binne matarsa ta fari a 1560 bayan zaman shekara 41, 'ya'yansu bakwai duk sun riga shi. Da tsufa ya kama shi bai jira fasto ba, ya zauna a 1567 ya ƙidaya ayyukansa da kansa a waƙe, ya haɗa da tarihinsa.

Lucas Cranach Babba kuwa, ɗansa ne ya yi masa, kuma da fenti. Cranach mai zanen fada ne a Wittenberg, yana da kantin magani, ya yi magajin gari, da hannunsa a buga Sabon Alkawari na Jamusanci a 1522, ya tsaya shaida a auren Luther, ya zama uban baftisma ga ɗansa na fari. Ya rasu a Weimar a 1553 yana da shekara 81. Kyan ɗa ya gaji ubansa: a 1555 Lucas Ƙarami ya kammala babban zanen bagaden cocin garin, ya tsayar da mahaifinsa a gindin gicciye tsakanin Yahaya Mai Baftisma da Luther, da farin gemu, hannuwa a haɗe, jini daga kwiɓin Almasihu yana zubowa daidai kansa. A bangon coci, wurin da a da galibi waliyyai suke tsayawa, ga mai sana'a ya tsaya. Kuma zanen ya warware ƙullin nan fiye da wa'azi dubu, domin ba a zana shi da buroshi a hannu ba. Hannun da ya yi aikin shekara 60 a naɗe yake, yana karɓa.

Kada dai a ɗauka kowane mai sana'a ya samu wannan gata. Mafi yawan littattafan da aka buga na sarakuna ne, da fastoci, da malaman jami'a, da 'yan majalisar birni, da attajirai. Shugabannin masu sana'a da suka tara abin hannu sun samu shiga, amma ba su da yawa. Manomi, da bara, da ɗan ƙodago, nasu wa'azin iska ta ɗauke shi a maƙabarta.

Batun iyali ma daga gidan Luther ya samo samfuri. Tsohon ɗan zuhudu ya auri tsohuwar 'yar zuhudu, Katharina von Bora, a watan Yuni na 1525, suka haifi 'ya'ya shida, gidan fasto ya zama madubin da ake duba kowane gida da shi. Ƙaramin Katekisim na 1529 ya ɗora wa maigida nauyin koyar da iyalinsa da barorinsa, da jerin haƙƙoƙin miji da mata da 'ya'ya. Shi ya sa mata suka samu wuri mai faɗi a wa'azin gawa, fiye da yadda za a zata. Dubbai aka buga dominsu, da yawa cikinsu waɗanda suka rasu wajen haihuwa, kuma fastoci sukan ce irin wannan mace ta mutu ne a bakin aikin da aka kira ta. Sai dai kalmomin yabon ba sa canzawa: mai biyayya, mai tattali, mai kamun kai. Katharina da kanta ta gudanar da gonaki, da wurin dafa giya, da gida cike da ɗalibai 'yan haya. Wannan ƙwarewa ce ta mai kasuwanci, amma ma'aunin ba shi da gurbin da zai kira ta haka.

Wajen 1750 al'adar bugawa ta yi sanyi. Masu hali sun koma son jana'izar dare ba hayaniya, masu ilimin zamani suna yi wa dogon yabo dariya, jaridu kuma sun fara ɗaukar sanarwar rasuwa. A wannan shekarar ce Johann Sebastian Bach ya rasu a Leipzig yana da shekara 65, uban 'ya'ya 20, mutumin da yakan rufe takardun kiɗansa da haruffa uku na Latin masu nufin ɗaukaka ta Allah ce shi kaɗai. Ba a buga masa wa'azin gawa ba. Tarihinsa sai a 1754 ya fito, a wata mujallar masana kiɗa, daga alƙalamin ɗansa Carl Philipp Emanuel da almajirinsa Agricola, kuma kusan duk a kan gwanintarsa ne. Matarsa Anna Magdalena, wadda mawaƙiyar fada ce mai albashinta kafin aure, ta haifa masa 13, ta kwafe masa kiɗa da hannunta, 'yan layuka ta samu. Da ta rasu a 1760, a matsayin mai karɓar sadaka aka rubuta ta a rajistar birni.

Tsarin bai mutu ba, jirgin ruwa ya shiga. Tsakanin 1825 da 1925 mutanen Norway kimanin 800,000 suka yi ƙaura zuwa Amurka, na Suwidin sun haura miliyan ɗaya, ga Jamusawa da 'yan Denmak da Finland. Suka bazu a Minnesota, Wisconsin, Iowa da Dakota biyu, duk inda suka yada zango sai coci ta tashi a tsakiyar gonaki da maƙabarta a gefenta. Wanda ya buɗe shafin rasuwa na jaridar wani ƙaramin gari a yankin a yau zai ga jikan wa'azin gawa, ya rame amma kamannin suna nan. An haife shi a gona kaza. An yi masa baftisma da tabbatarwa a cocin Lutaran kaza. Ya yi soja. An ɗaura musu aure a cocin nan dai. Sun yi shekara 60 da wani abu tare. Ya yi dattijon ikilisiya, ta koyar a makarantar Lahadi, ta yi waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Ya bar wane da wane. Wane da wane sun riga shi. Ciwon ajali, wanda a da yake cin shafuka, ya koma rabin layi. Kwanciyar mutuwa mai kyau ta koma cewa ya cika cikin salama, iyalinsa kewaye da shi.

A wannan sabon salo, sashen sana'a ne yake da rai. Sauran layukan za a iya cire sunan wani a sa na wani ba wanda zai lura. Amma idan aka zo kan abin da hannu ya yi, sai mutum ya leƙo: kafintan da ya yi wa kowane jika akwatin ajiya, ya gyara bencin coci ba a biya shi ba, manomin da ba injin da ya gagare shi, tsohuwar da ba a bikin Kirsimeti sai da lefse ɗinta, wato gurasar dankali ta mutanen Norway, ko wadda ta iya ɗinkin ado na Hardanger. Mafi yawan ambato shi ne bargo. A ɗakunan ƙarƙashin coci, mata sukan taru mako-mako suna haɗa ƙyallaye su ɗinka barguna masu inci 60 a 80, ƙungiyar agaji ta Lutheran World Relief, wadda aka kafa a 1945, tana kwasar dubban ɗaruruwa a shekara zuwa sansanonin 'yan gudun hijira da wuraren bala'i. Iyali kan rubuta adadin da uwarsu ta ɗinka, wani lokaci a shimfiɗa bargunan a kan bencina ranar jana'izarta. Wannan ya fi kusa da abin da Luther yake nufi fiye da maganar takalmin da aka ƙaga masa, tunda mai ɗinkin ba za ta taɓa ganin wanda zai lulluɓa ba. A gidan tarihi na Vesterheim da ke Decorah a Iowa akwai irin wannan shaida ta katako: akwatunan ƙaura masu zanen furanni da sunan mai su da shekara, da wani bagade da manomi Lars Christenson ya shafe shekaru yana sassaƙawa a Minnesota.

Shirun ma ya yi ƙaura tare da su. Za a ce kakan marigayi ya kafa gona a fili mai eka 160 bisa dokar rabon ƙasa ta 1862, ba za a ce a shekarar nan ce aka yi yaƙi da mutanen Dakota, masu ƙasar na asali, aka rataye 38 daga cikinsu a garin Mankato na Minnesota, aka kori sauran daga jihar ba. Za a ce ya kasance ɗan coci kaza duk rayuwarsa, ba za a faɗi dalilin da ya sa ƙauye mai mutum 300 yake da cocin Lutaran biyu suna kallon juna ba, alhali rigimar aƙida ta shekarun 1880 ta raba 'yan'uwa ciki ɗaya. Gonakin da bashi ya cinye a shekarun 1980 sukan fito a matsayin ya bar noma ya koma gari. Kuma tunda yawancin jaridun yanzu kuɗi suke karɓa kafin su buga, iyali ne suke rubutawa, an dawo inda aka fara: mai biya shi ne mai alƙalami.

Duk da haka masana tarihi ba su yar da waɗannan takardu ba, sun dai koyi karanta su ta gefe. Daga tsofaffin na Jamus ake gano cututtukan da suka kashe mutane, da shekarun aure, da yawan yaran da ba su kai yaye ba, da hanyoyin da ɗan koyo yake bi daga gari zuwa gari. Abubuwan da fasto ya ɗauka cikon shafi ne, su suka fi daraja yanzu. Abin da ya ɗauka shi ne zuciyar magana, wato tsoron Allah na marigayi, shi ne ya fi wuyar tabbatarwa daga takardar, domin kowa an ba shi daidai da na kowa.

Na Bach ma ba a tarihin 1754 aka same shi ba. A 1934 wani fasto ya je taron coci a Frankenmuth, garin da Jamusawa 'yan Lutaran suka kafa a Michigan a 1845, ya sauka a gidan wani ɗan'uwansa manomi. Manomin ya ɗauko masa juzu'i ɗaya na wani tsohon Littafi Mai Tsarki na Jamusanci mai sharhi, wanda iyalin suka saya tun a ƙarni na 19 suka ajiye. A kusurwar shafin farko akwai sa hannun Bach da shekarar 1733. Aka bincika gidan aka samo sauran juzu'i biyu. Littafin yana cikin jerin kayan gadon da aka rubuta bayan rasuwarsa a 1750, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A gefen shafuka akwai layukan da ya ja, da kurakuran maɗaba'a da ya gyara, da 'yan kalmomin da ya rubuta wa kansa, mafi shahara a littattafan Tarihi, inda aka jera mawaƙan Haikali gida-gida da kayan kiɗansu da aikin kowa. Juzu'an uku suna makarantar tauhidi ta Concordia a birnin St. Louis.